Abin da ke cikin malmalar tuwo: darasi a kan jadawalin abinci

Mai yiwuwa waɗansunmu sun taɓa ganin ma'aikata sun shigo gari da sikeli da kofuna da 'yar kwamfuta ta hannu, suna tambayar mata abin da suka ci jiya, tun daga wayewar gari har lokacin kwanciya. Waɗansu sukan ce ɓata lokaci ne kawai. Waɗansu kuma sukan ɗauka sunaye ake rubutawa domin rabon hatsi. Abin da ake yi shi ne binciken cin abinci na ƙasa. Daga amsoshin nan ne gwamnati da ƙungiyoyin taimako suke sanin abin da jikin mutane ya rasa, su kuma shirya abin da za a yi a kai.

Amma akwai tambaya a nan. Idan mace a Mahuta ta ce, "Na ci malmala biyu ta tuwon dawa da miyar kuka," ta yaya mutumin da ke zaune a ofis a Abuja ko Ibadan zai san ko abincin nan ya ishi jikinta? Bai ga tuwon ba, bai ɗanɗana miyar ba. Abin da yake dogara a kai shi ne wani littafi da ake kira jadawalin abinci. Yau an fi ajiye shi cikin kwamfuta, sai a kira shi rumbun bayanan abinci. A kan wannan rumbu darasinmu yake.

Mene ne jadawalin abinci?

Jerin sunayen abinci ne. A gaban kowane suna an rubuta abin da ke cikin giram 100 na abincin: ruwa nawa, mai nawa, sinadarin gina jiki nawa, ƙarfin da yake ba jiki nawa, da kuma ƙananan abubuwa irin su bitamin A, bitamin C, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam mai gina ƙashi. Ƙarfin da abinci ke bayarwa da kalori ake auna shi.

Ga misali. Giram 100 na busasshiyar dawa yana ba da kalori wajen 350, da sinadarin gina jiki wajen giram 10. Garin rogo yana ba da kalori kusan daidai da na dawa, amma sinadarin gina jikin da ke cikinsa bai wuce giram 1 ko 2 ba. Busasshen wake yana da fiye da giram 20. Gyaɗa ma haka, ga kuma mai kusan rabin nauyinta, shi ya sa kalorinta ya haura 550. Wanda ya san wannan kaɗai ya riga ya gane dalilin da ya sa yaron da ke shan gari safe da yamma yakan ƙoshi amma ba ya girma yadda ya kamata.

Waɗannan lambobi ba ƙiyasi ba ne. Akan sayo abincin daga kasuwanni dabam dabam, a gauraya, a cire abin da ba a ci kamar ɓawo da ƙwallo, a kai ɗakin gwaje-gwaje. A can za a busar da shi domin a san yawan ruwan da ya fita. Za a tatse man. Za a ƙone wani sashe har ya zama toka, domin a cikin tokar ne ake auna ƙarfe da kalsiyam. Sa'an nan a lissafta kalori: giram ɗaya na mai yana ba da 9, giram ɗaya na sitaci ko na sinadarin gina jiki yana ba da 4. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Saboda tsadarsa ne ƙasashen Afirka da yawa suka daɗe suna aron lambobi daga jadawalin Amurka da na Ingila, ko da yake ƙasar noma da irin shuka da hanyar dahuwa ba ɗaya ba ne.

An taɓa auna tuwon Zuru

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A zamanin Turawa, lokacin da Zuru take ƙarƙashin Lardin Neja, wani likita mai suna B. M. Nicol ya yi bincike a kan abincin manoma a yankunan Bida da Kontagora da Zuru. Ya auna abin da mutane ke ci, ya kuma duba lafiyar jikinsu. An buga rahotonsa a 1949, abin da ya fi mai da hankali a kai kuwa shi ne rashin bitamin A da rashin wani bitamin da ake kira ribofilabin. Rashin na farko yana kawo dundumi da bushewar ido. Rashin na biyu yana sa gefen baki ya tsattsage, harshe ya yi ciwo. A zamanin, jadawalin abincin ƙasashe masu zafi da B. S. Platt ya fitar a Ingila a 1945 sabo ne fil.

A 1968 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da jadawali domin Afirka duka, aka kuwa yi shekaru da yawa ana amfani da shi. A 1995 masana biyu na Najeriya, Oguntona da Akinyele, suka tattara na abincin da aka fi ci a ƙasar nan, ɗanye da dafaffe. FAO ta fitar da na Afirka ta Yamma a 2012 mai ɗauke da abinci iri 472. Sabon bugu na 2019 ya kai 1,028, har da dafaffen abinci da miya, cikin Turanci da Faransanci. Najeriya ma ta fitar da nata a 2017.

Binciken ƙasa kuwa bai cika zuwa ba. An yi ɗaya daga 2001 zuwa 2003 a jihohi 12, har da Kebbi, a ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan. Ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kusan kashi 30 cikin 100 kuma suna da ƙarancin bitamin A. Daga nan sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin a sāke yin wani a 2021, wanda ya duba ƙananan yara, da 'yan mata masu shekara 10 zuwa 14, da mata masu shekara 15 zuwa 49, da masu juna biyu. Mu lura da wannan tazara. Amsar da uwa ta bayar cikin awa ɗaya a ƙofar ɗakinta tana iya zama abin da za a yi shekara ashirin ana dogara a kai.

Maganar ta shafe mu fiye da kowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi kashi 66 cikin 100 na ƙananan yara sun tsumbure, babu jihar da ta kai ta a shekarar. A ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne.

Daga kwano zuwa lissafi

Bari mu bi matar nan ta Mahuta mu ga yadda amsarta take zama lamba. Mai bincike zai fara tambayarta duk abin da ya shiga bakinta jiya. Sa'an nan ya koma kan kowanne ɗaya ɗaya: tuwon dawa ne ko na masara? An surfa hatsin ko da dusarsa aka niƙa? Me da me aka sa a miya? Wane irin mai? Daga nan sai maganar yawa. Tun da tuwon jiya ya riga ya tafi, akan ba ta wani abu mai kama da laka ta mulmula daidai girman malmalar da ta ci, a ɗora a sikeli. Domin kunu ko miya, sai ta nuna inda ya tsaya a kofi ko ludayi.

A ce malmala biyun sun kai giram 600. A nan ne jadawali yake shigowa, a nan ne kuma ake iya yin babban kuskure. Tuwo ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. A ce gari kashi ɗaya ne cikin huɗu, sauran ruwa. Ashe garin da ta ci giram 150 ne, kalori wajen 525. Amma idan jadawalin ba shi da tuwon dawa, aka ɗauki lambar busasshiyar dawa aka lissafta da ita, za a sami kalori 2,100. A takarda za a ga mace ta ci abin da zai ishi mutum yini guda, alhali kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ta samu. Dalili ke nan da ya sa masu bincike na kirki sukan zauna a madafa tare da mata, suna auna gari da ruwa da mai da daddawa kafin a sa a tukunya, su sāke auna abincin bayan ya dahu. Matar da ke murhu ita ce malamarsu a wannan wuri.

Lambar nan ta 2,100 ba haka kawai muka ambace ta ba. Ita ce ƙungiyoyin agaji suke amfani da ita a matsayin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana, idan an haɗa manya da yara an raba. Sa'ad da aka kawo taimako ga iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu a ƙasar Zuru, aka ga hatsi da wake da mai da gishiri a haɗe, ba son rai ne ya haɗa su ba. Da jadawalin abinci ake lissafin yawan kowanne. Hatsi domin ƙarfi, wake domin gina jiki, mai domin kalori mai yawa cikin ƙaramin kaya, gishiri domin aidin mai hana maƙoƙo. Iyalin da suka sayar da waken da man domin su ƙara masara za su ga buhu ya ƙaru, amma yaran ne za su biya.

Cin abinci a kwano ɗaya yana wahalar da wannan aiki. Yara huɗu a kan akushi guda, wa zai ce ga abin da ƙaramin ya samu? Saboda haka wani lokaci akan zo kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tambaya, a roƙi uwa ta zuba wa yaron nasa dabam. Ko ba domin bincike ba, wannan dabara ce mai kyau. Uwaye da yawa ba su san ƙanƙantar abin da ɗan shekara biyu yake samu ba sai ran da suka ware masa kwanonsa.

Abincin da ba a rubuta ba

Dawa da gero da masara da shinkafa da wake suna cikin kowane jadawali. Inda ake samun giɓi shi ne wajen abincin daji da na bayan gida. Ku tuna da abin da yaro yake ci tsakanin gida da gona: 'ya'yan kaɗanya da farkon damina, ɗinya, kanya, magarya, aduwa, tsada, garin ɗorawa, gwandar daji, fara, da shinge bayan ruwan fari. Ku tuna da tafasa da rama da yakuwa da lalo da karkashi da gasaya. Waɗansunsu an auna su sosai. Waɗansu an auna sau ɗaya ko biyu a wata ƙasa dabam. Idan abinci ba ya cikin jadawali, mai lissafi yakan nemi wani mai kama da shi ya ara lambarsa. Idan kuma mai amsa bai ambace shi ba sam, to, a takarda ba a ci shi ba.

Me ya sa ba a ambata? Kunya ce mafi yawa. Mace za ta faɗi shinkafa da taliya da murya sama, amma kwaɗon tafasa sai ta yi shiru, wai abincin talauci ne. Wannan kunya ba ta da tushe. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C ninki da yawa fiye da lemo. Busasshen ganyen kuka yana da kalsiyam fiye da miligiram 1,000 a giram 100. Daddawar kalwa tana da sinadarin gina jiki fiye da wake idan an auna nauyi da nauyi. Taliya ba ta kama ƙafar ko ɗaya a cikinsu ba ta wannan fuska.

Sai dai a nan ma jadawali yana koya mana kada mu zarce. Lambar giram 100 ce, amma wa yake cin giram 100 na garin kuka? Cokali biyu ko uku ne ake kaɗawa a tukunyar da mutum takwas za su ci. Idan rabon mutum giram 5 ne, kalsiyam ɗin da ya samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram wajen 1,000 da babba yake bukata a rana ba. Haka maganar zogale take. An yi ta yabonsa har waɗansu suka mai da shi maganin kowace cuta, suna sayar da ɗan ƙullin garinsa da tsada. Zogale ganye ne mai kyau ƙwarai, amma amfaninsa yana cikin yawan da aka ci. Kwano cike da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi tsunkule ɗaya a kofin shayi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma burkutu. A ƙauyukanmu akwai masu sha, akwai waɗanda ba su sha, ba wannan ne wurin muhawarar ba. Mai bincike ba alƙali ba ne, lissafi yake yi. Hatsin da ya tafi tukunyar burkutu ya fita daga rumbun gida, idan an ɓoye shi lissafin ba zai daidaita ba.

Lokacin da aka zo ma yana da tasiri. Amsar da za a samu a Mahuta a watan Disamba, rumbu cike, dabam take da ta watan Agusta sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Idan an zo muku da kaka, ba laifi ba ne ku gaya wa ma'aikatan yadda damina take.

Abin da jadawali ba ya iya faɗa

Jadawali yana faɗin abin da ke cikin abinci. Ba ya faɗin abin da jiki zai iya ɗauka daga ciki. Dawa da gero da wake suna da sinadarin ƙarfe, amma akwai wani abu a cikin hatsi da wake da yake riƙe shi, har jiki ya sami kaɗan kawai. Jiƙa hatsi, da barinsa ya tsiro, da barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko, duk suna rage wannan riƙo. Cin ɗan nama ko kifi, ko wani abu mai bitamin C tare da tuwo, yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfen. Shan shayi a kan abinci kuwa yana hanawa. Mata masu haihuwa sun fi maza bukatar wannan sinadari, su ne kuma sau da yawa suke cin abin da ya rage a tukunya.

Hanyar dahuwa ma tana canja lamba. Ganyen da aka shanya a rana tsaka yakan yi asarar bitamin A fiye da wanda aka shanya a inuwa. Kanwa mai yawa tana lalata waɗansu bitamin, har da ribofilabin ɗin nan da Nicol ya yi magana a kai. Manja yana da arzikin bitamin A muddin yana ja, amma idan an soya shi har ya yi fari, an ƙone amfanin. Bitamin A kuma yana bukatar ɗan mai kafin jiki ya karɓe shi, saboda haka miyar ganye marar mai ko gyaɗa ba ta ba da duk abin da ke cikinta.

Har suna ɗaya ma yana iya ɓoye abubuwa biyu. Farar masara ba ta da bitamin A, amma akwai irin masara mai launin lemo da aka fitar wa manoman Najeriya a 2012 domin wannan bitamin, kamar yadda aka fitar da rogo mai ruwan ɗorawa a 2011. Tun 1993 doka ta ce a sa aidin a gishiri, tun 2002 kuma aka wajabta wa masana'antu su sa bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa. Man gyaɗar da aka matsa a gida ba shi da wannan ƙari, man kaɗe ma haka. Shi ya sa mai bincike yakan ce a nuna masa galan ko ledar da man ya zo a ciki. Ba leƙen asirin gida yake yi ba, layin da zai duba a jadawali yake nema.

Idan sun zo ƙauyenku

A wannan zamani ba wanda zai ga laifin mutumin da ya yi hattara da baƙo. Ma'aikatan gaskiya sukan biyo ta wurin hakimi ko mai gari, suna da katin shaida, sukan bayyana aikinsu su nemi izini kafin su fara. Ba su karɓar kuɗi. Kowa yana da iko ya ce ba ya so. Amma wanda ya yarda, sai ya faɗi abin da ya ci daidai. Wanda ya rage domin yana sa ran taimako ba zai sami kome ba, gama ba da suna ake fitar da sakamako ba. Wanda ya ƙara nama da ƙwai da bai ci ba domin kada a raina shi, ya sa an rubuta cewa yankinsa ba shi da damuwa. Ranar da za a zo, kada a yi girki na musamman. Tuwon kullum ake so a gani.

Aiki domin ƙungiya

Zumuntar mata ko ƙungiyar manoma za ta iya yin wannan a zama ɗaya. Ku zana watanni goma sha biyu a ƙasa ko a allo. Ku sa tsofaffi su ambaci kowane ganye da 'ya'yan itace da ƙwaro da ake ci a yankinku, a sa kowanne a watan da ake samunsa. A rubuta sunan da Hausa, a kuma rubuta shi da harshen gida, ko Fakkanci ne ko C'lela ko wani, domin akwai ganyayen da ba su da sunan Hausa da kowa ya sani, mai bincike kuwa ba zai iya neman abin da ba shi da suna ba. Ku ba ma'aikacin lafiya na ƙauye kwafi ɗaya, ku ajiye ɗaya. Zuru tana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020, ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai za su iya farawa daga irin wannan jeri.

Bayan haka ku tattauna waɗannan:

Waɗanne abinci ne iyayenmu suka ci waɗanda yaranmu ba su sani ba? Itatuwan sun ƙare ne, ko mu ne muka daina ɗiba?

A wane wata ne jerin ya fi zama fayau, me za a iya shanyawa a inuwa a ajiye domin wannan wata?

Kowace uwa ta gwada tuna abin da ƙaramin ɗanta ya ci jiya. Sau nawa ya ci, a kwanon wa, me kuma aka haɗa da kunun?